Yadda Ake Gane Soyayyen Dankalin Turawa Mai Kyau a Gidajen Abincin Legas

A Legas kusan duk abin da ka saya a gidan abinci sai an rako shi da soyayyen dankalin turawa, wanda kowa ke kira cips. Kaza da cips, gasasshen kifi da cips, har shawarma wasu sai sun cusa shi a ciki. Tun da Mr Bigg's ya buɗe a Marina a 1986, Chicken Republic ya biyo baya a Apapa a 2004, KFC kuma ya shigo a 2009, cips ya zama abincin yau da kullum, har yaranmu na Agege da Idi-Araba ba sa ganin an fita yawon Sallah sai an ci shi. Kuɗinsa yana cikin kuɗin farantin da ka biya, amma da wuya ka ga mai duba shi. Ana juya kaza a ga ko ta dahu, shi kuwa sai a dangwala a kecaf a haɗiye.

Abu biyu ne suka fi kashe cips a garin nan: tsohon mai da jira. Dukansu kana iya gano su daga kujerarka, ba sai ka leƙa kicin ba.

Mataki na farko: fara da hanci, tun daga bakin ƙofa

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da ka tura ƙofa, tsaya ka shaƙi iskar wurin. Suya da sabon mai ƙamshinta ba shi da nauyi. Idan kuwa wani ƙauri mai kama maƙogwaro ya tare ka, irin wanda ke bin riga har gida, to man kicin ɗin ya daɗe a kan wuta.

Sai ka dubi inda ake ajiye cips ɗin. A gidajen da ake jera abinci bayan gilashi, za ka gan shi a tire ƙarƙashin fitila mai zafi. Idan tiren cike yake tim kuma babu layi, ka san an soya shi ne ana jiran mai tsautsayi. Fitilar tana riƙe ɗumi, amma ba ta hana shi yin laƙwas. A cikin wannan sana'a an san kamfanin gidajen abinci na Amurka McDonald's da ƙa'idar minti 7: cips ɗin da ya wuce haka bayan fitowa daga mai ba na sayarwa ba ne. Ba kowane gida ne zai iya bin wannan ba, ganin yadda kayan abinci suka yi tsada, amma ya nuna maka gajartar ransa.

Don haka kafin ka biya, tambayi mai sayarwa: yanzu za a soya, ko akwai a ƙasa? Idan ta ce akwai a ƙasa, ce mata za ka jira sabo. Minti biyar ne ko shida. Lokacin da aka fi samun sabo ba tare da roƙo ba shi ne lokacin cunkoso, da azahar ko bayan magariba. Tsakanin la'asar da tashin ma'aikata kuwa, ragowar na rana ne ya fi yawa.

Mataki na biyu: tambayi abin da ake soyawa a man

Wannan ya shafe mu Musulmi fiye da sauran masu ci. Dankali halal ne, amma man da aka tsoma shi fa? A Beljiyam, inda suka ɗauki cips abin alfahari, da kitsen saniya aka saba soya shi, kuma McDonald's ma a Amurka da kitsen saniya yake suya har zuwa 1990. A Legas yawanci man gyaɗa ne, ko na waken soya, ko man ja da aka tace ya yi fari. Matsalar ita ce tarayya. A manyan otal-otal da gidajen abincin ƙasashen waje na Victoria Island, Ikoyi da Lekki, akwai masu sayar da naman alade da sosej ɗinsa, akwai kuma masu kwaɓa fulawar kifi da giya kafin su soya. Idan ka ga irin waɗannan a takardar abinci, tambaya kai tsaye: tukunyar cips daban take, ko komai a ciki ake sakawa? Ba abin kunya ba ne. Idan mai kawo abinci ya yi inda-inda, roƙe shi ya shiga ya tambayo mai dafawa.

Gidan da ya ware wa cips tukunyarsa, ko ba don addini ba, ya fi fitar da mai daɗi, domin garin da ke zubowa daga jikin kaza da kifi shi ke saurin ƙona mai.

Mataki na uku: gane wane iri aka kawo maka

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai ɗanye, wanda aka fere aka yanka a kicin ɗin. Mafi yawansa daga Filato yake zuwa, daga Bokkos, Mangu da Barkin Ladi, a sauke shi a kasuwar Mile 12, inda 'yan uwanmu da yawa ke cin abinci a kansa. Akwai kuma na leda, wanda aka yanka a masana'anta, aka ɗan soya, aka daskarar, sannan aka yi jigilarsa a cikin sanyi. Beljiyam ce kan gaba a duniya wajen fitar da irin wannan, Holan ma tana cikin manya.

Bambance su ba wuya. Na leda kaurinsa ɗaya, gefensa a miƙe, launinsa bai ɗaya. Na hannu kuwa wani ya fi wani, za ka ga lanƙwasar dankalin a bakinsa, wani lokaci har da ɗan ɓawo, kuma cikinsa ya fi yin rawaya.

Mutane da yawa suna ɗauka ɗanye ya fi kyau kawai don ɗanye ne. Ni ban yarda ba. Dankalin da ya dace da cips shi ne mai gari da yawa da ƙarancin ruwa, irin Russet Burbank na Amurka ko Bintje na Holan da Beljiyam. Wasu daga cikin irin da ake nomawa a Filato, kamar Nicola, masu danƙo ne, sun fi kyau a fate ko a miya. Kafin a fitar da cips mai ƙaras-ƙaras daga irin wannan sai an sha aiki: a yanka, a jiƙa a ruwa ya zubar da sitacin da ke bayansa, a tsane shi sosai, a soya sau biyu. Suyar farko a mai marar zafi ƙwarai, wajen digiri 150 zuwa 160, don cikin ya dahu. A kwashe ya huce. Sannan a mayar da shi a mai mai zafin digiri 175 zuwa 180 na minti biyu ko uku, don bayan ya yi ɓawo. Gidan da ya yi haka, cips ɗinsa na hannu ya fi na leda nesa ba kusa ba, domin za ka ji ɗanɗanon dankali na gaske. Wanda kuwa ya yanka ya watsa a mai sau ɗaya, bayan zai yi duhu cikin bai dahu ba, kuma gara a ba ka na leda da aka soya daidai.

Shi ma na ledan yana da ciwonsa, kuma kowa ya san sunan ciwon: wuta. Ana son ya fito daga firiza ya faɗa mai yana daskare. Idan NEPA ta ɗauke, ba a tada janareta a kan lokaci ba, sai ya narke, ya sake daskarewa, ƙanƙara ta farfasa jikinsa. Alamarsa a faranti ita ce gutsattsari sun fi dogaye yawa, wasu sun manne da juna, kuma ya sha mai fiye da kima.

Mataki na huɗu: duba da ido kafin ka taɓa

Launin da kake nema ruwan zinare ne, daga wannan baki zuwa wancan. Fari fat yana nufin an yi gaggawar kwashewa. Ruwan ƙasa mai duhu kuma ba alamar ya soyu da kyau ba ne kamar yadda wasu ke zato. Sau da yawa sukari ne ya yi yawa a dankalin. Ɗanyen dankalin turawa idan aka ajiye shi a firji, sanyi yana mayar da wani ɓangare na sitacinsa sukari, sukarin kuma ya ƙone a mai tun kafin cikin ya dahu. Za ka ga bakunan sun yi baƙi, ɗanɗanon ya haɗa zaƙi da ɗaci. A 2002 masana a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci da aka soya har ya yi duhu yana tara wani sinadari da ake kira akrilamaid, wanda ake zargin yana iya jawo ciwon daji, shi ya sa hukumomin abinci a Turai ke cewa a tsaya a ruwan zinare. Ba wai faranti ɗaya zai kwantar da mutum ba, amma babu dalilin biyan kuɗi a kan ƙonannen abu.

Matso da farantin kusa. Kana ganin baƙaƙen ɗigo-ɗigo manne a jikinsa kamar an barbaɗa masoro, alhali ba a saka ba? Ƙonannen garin kaza ne da guntayen suyar jiya, shaidar ba a tace man. Idan kuma ka ga kore a gefen wani yanka, ture shi gefe. Dankalin da rana ta buga har ya yi kore yana iya ɗauke da solanin, mai ɗaci da ɓata ciki, kuma suya ba ta kawar da shi.

Mataki na biyar: hannu

Zaɓi dogo guda ɗaya, ka riƙe shi ta ƙarshe, ka miƙe shi a kwance. Mai kyau zai tsaya ƙyam, ko ya ɗan sunkuya kaɗan. Wanda ya langaɓe ya rataya a yatsanka, ko dai ya jima a ajiye ko man bai yi zafi ba.

Yanzu karya shi biyu, kana sauraro. Ya kamata ka ji ɗan ƙas, tururi ya fito. Dubi cikin. Abin da kake so shi ne fari ko rawaya mai laushi, a bushe, yana wargajewa kamar gari idan ka matsa. Idan cikin yana sheƙi kamar gilashi kuma da tauri, bai dahu ba. Idan kogo ne, babu komai sai ɓawo, an soya shi ya wuce misali ko an maimaita masa suya. Idan ka matsa mai ya tsattsafo a yatsunka, to ya sha mai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ƙosai da safe ya san wannan. Idan ta saka ƙullu man bai yi zafi ba, ko ta cika kaskon don layi ya yi tsawo, ƙosan zai fito da nauyi, ya jiƙe takarda sharkaf. Haka cips yake. Muddin man yana da zafi, ruwan da ke cikin dankalin yana fita da ƙarfi a matsayin tururi, ya hana mai shiga. Da zarar an jibga dankali mai sanyi da yawa a kwando ɗaya, zafin ya faɗi, tururin ya yi rauni, mai ya samu hanya. Shi ya sa gidan da ka sani da kyau zai iya ba ka kunya ranar Lahadi da yamma, lokacin da oda ta yi wa kicin yawa.

Ɗauki uku ko huɗu ka ɗora a tishu na ɗan lokaci. Ɗan tabo kaɗan ba laifi, ai soyayyen abu ne. Tishun da ya jiƙe har kana hango teburi ta cikinsa, ko tabon ya fito ruwan ƙasa, ya gama ba ka labari.

Mataki na shida: ɗanɗana shi tsurarsa

Nan ne mutane ke yin kuskure. Kecaf da bama da yaji suna rufe asirin kowane irin cips. Ci uku na farko ba tare da ka dangwala a komai ba, kuma kafin ka kurɓi lemo.

Na farko, kula da haƙori: ɓawo siriri ya fashe, sannan laushi. Na biyu, kula da gishiri. Ana barbaɗa shi ne da zarar an kwashe daga mai, lokacin da zai kama jiki. Idan ka ga gishirin duk ya taru a ƙasan faranti, cips ɗin kuma salam, an saka ne bayan ya huce. Idan ya yi yawa har yana yanka harshe, wani lokaci ana ɓoye wani abu ne.

Na uku shi ne babba. Haɗiye, ka ɗan dakata, ka ji abin da ya rage a bakinka. Mai mai kyau ba ya barin komai sai ɗanɗanon dankali. Tsohon mai kuwa yana barin maiƙo a dasashi da saman baki wanda ruwa ba ya wankewa, da ɗan ɗaci a bayan harshe, da ƙaiƙayi a maƙogwaro. Idan ka ji ƙarnin kifi a dankali, ka samu amsar tambayar da ka yi a mataki na biyu, ko me aka gaya maka.

Dalilin shi ne mai yana lalacewa da zafi da iska da ruwan da abinci ke saki a cikinsa. Yana fara yin duhu, ya yi kauri, ya riƙa kumfa, ya riƙa hayaƙi tun bai kai zafin suya ba. Mai irin wannan ya fi shiga jikin abinci, kuma yana ba shi launin soyuwa da wuri, sai mai suya ya kwashe alhali cikin da saura. A ƙasashen Turai da dama doka ta ce idan gurɓatattun sinadaran da ke taruwa a man suya suka kai wajen kashi 25 cikin 100, a zubar, kuma akwai ƙaramar na'urar da ake tsomawa a auna. A nan gida NAFDAC ta ƙayyade cewa kitsen nan mai toshe jijiyoyin jini da ake kira tirans kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Amma ranar da za a canza man tukunya, wannan yana hannun mai gidan abinci, kuma da tsadar jarkar mai a yanzu, da yawa ƙari suke yi a kan tsohon maimakon su zubar. Ƙarin yana ɗan gyara launi, ba ya mayar da shi sabo. Harshenka ne na'urarka.

Bayan ukun nan, dangwala abin da kake so. Ni dai yajin ƙuli na fi so a kai, kuma ba na jin kunyar fito da nawa daga aljihu.

Mataki na bakwai: bar kaɗan su huce

Ture biyar gefe, ka ci kazarka, ka dawo musu bayan minti goma. Kowane cips yana saki idan ya huce, domin damshin ciki yana fitowa ya jiƙa ɓawon, kuma iskar Legas mai laima tana ƙara hanzarta abin, balle a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Amma sakin ma iri-iri ne. Mai kyau zai yi laushi ya ci gaba da ciwuwa. Wanda aka soya tun rana aka sake jefawa a mai da ka yi oda zai ƙandare kamar tsinke, ka tauna har muƙamuƙi ya gaji. Na tsohon mai kuma, da ya huce warin da zafi ya ɓoye zai fito fili.

Idan kawo maka aka yi gida

A nan sai an yi adalci. Cips ɗin da aka rufe a roba yana tururi, aka saka a akwatin ɗan aike, ya bi gosulon gadar Third Mainland ko na hanyar Ikorodu, ba zai iso da ƙaras-ƙaras ba ko wa ya soya shi. Kada ka yanke wa gida hukunci a kan laushi kaɗai. Abin da tafiya ba ta canzawa shi ne launi, baƙin ɗigo, ɗanyen ciki da ɗanɗanon mai, don haka da su za ka auna. Dubi kuma yadda aka ƙunsa. Gidan da ya san aikinsa yana saka cips a takarda ko kwali mai huda, daban da kaza da miyar kifi. Idan kana oda ta Chowdeck ko Glovo, rubuta a wurin saƙo cewa a raba su, kuma zaɓi reshe mafi kusa da kai.

In za ka ɗumama, shimfiɗa shi a busasshen kasko a wuta matsakaiciya kana juyawa, ko a oben mai zafi na 'yan mintuna. Maikurowef ƙara jiƙa shi yake yi.

Idan bai yi ba, me za ka ce?

Yi magana tun farantin yana cike, ba bayan ka cinye rabi ba. Kira mai kawo abincin a hankali, ka faɗi takamaiman abin da ka gani: ya huce, ko cikin bai dahu ba, ko yana ɗacin mai. Karya ɗaya ka nuna masa. Kada ka ɗaga murya a kan yaron, ba shi ke sayen mai ba. Idan matsalar sanyi ce ko rashin dahuwa, a soya maka sabo. Idan ta mai ce, sabon ma daga tukunyar zai fito, don haka nemi a musanya maka da shinkafa ko wani abin da bai bi ta cikinta ba.

Duk wannan gwajin yana aiki a wurin masu suyar bakin titi na Agege, Obalende da Sabo a Yaba, har ma ya fi sauƙi, domin kaskon yana gabanka, gani ya kori ji. Dubi man kafin a saka dankali. Idan kana hango ƙasan kaskon, ko aƙalla matsamin da aka tsoma, da sauransa. Idan baƙi ne ƙirin, kumfa ta rufe samansa, gefen kaskon ya yi danƙo, wuce gaba. Idan ya yi maka, ce, “Baba, a sako mini daga na cikin wutar nan,” ka tsaya a kwashe a gabanka, kuma ka roƙa kada a ɗaure bakin ledar. Haka za ka auna soyayyen dankalin Hausa da doyar da Yarbawa ke kira dundun, sai dai dankalin Hausa yana da sukari tun asali, don haka duhunsa da laushinsa ba laifin mai suya ba ne.